Yadda Kawu Ya Kusa Ɓata Auren Kenji a Hanyar Hatta

Al Qusais

Ana idar da sallar asuba na tayar da mota. Kenji na gefena cikin kwat, yana ta share zufa alhali gari bai ko waye ba. Mutumin Japan ne, tare muke aikin gyaran lif a wani kamfani. Yarinyar da yake so, Mina, 'yar Koriya ce mai aikin jinya. Mahaifinta ya zo Dubai hutu, kuma tun da ya sauka bai ce wa Kenji uffan ba. Jibi zai koma gida. Mina ta ce in ya hau jirgi bai amince ba, magana ta mutu, don ba za ta tsallake maganar ubanta ba.

Shawarata ce a kai tsohon garin Hatta da ke cikin duwatsu ya sha iska. Na kuma gaya wa Kenji cewa ba a zuwa gaban suruki ba tare da babba ba, tunda iyayensa na nesa zan ara masa kawuna.

Deira

A bakin Murshid Bazaar muka ɗauki Kawu Ilu. Bafulatanin Gombe ne, ya daɗe yana ɗaure wa 'yan kasuwa kaya yana aikawa gida. Ya fito da babbar riga ta sha guga, da ledar goro a hannu, wai bai taɓa ganin neman aure babu goro ba.

Daga nan muka biya masauki muka ɗauko Mina da mahaifinta, Baba Yun, gajeren dattijo mai sana'ar gina kwanukan tangaran. Kawu ya miƙa masa goro. Tsohon ya gatsa, fuskarsa ta tattare wuri guda, amma ya haɗiye saboda kara. Aka ba shi gidan gaba. Kawu ya shige baya ya zauna daram tsakanin Kenji da Mina, ya baza riga ta rufe su duka.

Maliha

Muka bi ta Maliha, don tsohuwar hanyar tana ratsa ƙasar Oman. A wani ɗan shago muka tsaya shan shayin karak. Nan Kawu ya ja ni gefe yana tambayar abin da ya sa tsohon ke ɗaure fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Na ce masa Japan da Koriya maƙwabtan juna ne, kuma akwai tsohon yaƙi tsakaninsu.

Sai na ga fuskar Kawu ta washe. Ya ce ashe abin mai sauƙi ne, abokan wasa ne, kamar Fulani da Barebari. Shi da Ba Modu, Babarbare maƙwabcinsa a kasuwa, kullum da "bawana" suke gaisawa. Kunya ce kawai ta hana su farawa, shi kuwa zai buɗe musu hanya. Kafin in ajiye kofi ya isa gaban tsohon, da Turancinsa na Deira.

"Baba, tsakaninku da mutanen yaron nan, wa ke bawan wani?"

Shayin Kenji ya kife a wandonsa. Mina ba ta ko fassara ba, don tsohon ya ji da kunnensa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Muka koma mota.

Cikin duwatsu

Sai da rairayi ya ƙare muka fara hawan duwatsu sannan Baba Yun ya yi magana, idonsa na kan titi, Mina na fassarawa.

Ya ce abin daga tatsuniya ya faro. A tsofaffin littattafan Japan an rubuta cewa wata sarauniyarsu ta haye teku, sarakunan Koriya suka durƙusa mata suka yi alkawarin kai gaisuwa. Su a Koriya ba su san an yi haka ba, amma can aka riƙe labarin ana koya wa yara. Bayan zamani mai tsawo wani jarumin yaƙin Japan ya so cin ƙasar Sin, ya mai da Koriya hanya. Da rundunarsa za ta koma, har magina tangaran ta kwasa ta tafi da su. Tsohon ya ɗaga hannuwansa ya juya su, ya ce irin waɗannan aka ɗiba.

Daga baya kuma, da Japan ta sake tsarin mulki, ta aiko da wasiƙar da ta ɗora sarkinta sama da na Koriya. Aka ƙi karɓa. Mayaƙan Japan da aiki ya ƙare musu suka ce raini ne, a je a hora ƙanin da ya manta da wansa. A ƙarshe suka mamaye ƙasar, suna cewa ai kakanninmu ɗaya. Da wannan zumuncin na baki aka canza wa mahaifin Baba Yun suna a makaranta, aka hana shi yarensa.

Ta madubi na hango Kawu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. 

Hatta

A madatsar ruwa muka sauka. Ruwan kore shar tsakanin duwatsu, amma ba wanda ya kalle shi. Kawu ya hau matakala yana haki, rigar tana harɗe shi, har ya cimma tsohon.

"Baba, ka yi haƙuri. Mu namu wasan, ni in faɗa, shi ya rama, mu ci tuwo a kwano ɗaya. Naku mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma da bindiga a hannunsa. Wannan ba wasa ba ne."

Baba Yun ya gyaɗa kai. Sannan ya juya ga Kenji, karo na farko, ya tambaye shi me aka koya masa a makaranta game da wannan tarihi. Na yi ta ƙifta wa Kenji ido ya sassauta, bai kula ni ba. Ya ce kaɗan ne ƙwarai, sauran sai da ya haɗu da Mina ya nema ya karanta. Ya ƙara da cewa kakansa ya yi aikin jirgin ƙasa a Koriya a wancan zamani, kuma har ya mutu gani yake alheri suka je yi. Na ce a raina shi ke nan, Kawu ya haƙa rami, ango ya faɗa da kansa.

 Can tsohon ya tambayi Kawu ko a al'adarmu suruki yana wasa da mijin 'yarsa. Kawu ya ce sam, kunya ce tsakaninsu, ko ido ba sa haɗawa.

"To da wa tsoho yake wasa a gidansa?"

"Da jikansa," in ji Kawu. "Ya tsokane shi, yaron ya rama, ba mai fushi."

"Wannan ya yi mini. Da shi ba zan yi wasa ba." Ya nuna Kenji da haɓa. "Da ɗansa zan yi."

Mina ta kasa ƙarasa fassarar, ta rufe baki tana hawaye. Kenji ya tsaya sororo da jiƙaƙƙen wandonsa, sai da Kawu ya ɗaka masa duka a baya ya ce, "Khalas, shi ke nan, an ba ka. Durƙusa, sakarai."

Gida

A hanyar dawowa Kawu bai bar kowa ya huta ba, wai da ma dabara ce ya yi. Ban musa masa ba, don ina tuƙi. Mun iso lafiya kafin magariba, na gode wa Allah, na gode wa Mina da ta fassara abin da in da ni ne da na haɗiye shi.

Da za mu sauke Baba Yun, ya miƙa hannu ya karɓi ragowar goron. Kawu ya yi murna, ya ce ashe ya ji daɗinsa. Tsohon ya ce ko kaɗan. Jikan zai ajiye wa, da shi zai fara tsokanarsa.