Gari Uku da Takardar Yaya Sabo

Yau shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo, amma har yanzu ban san ko lissafinsa daidai ne ko kuskure ba.

Malamin lissafi ne a wata sakandare a Jos. Ya yarda cewa duk abin da mutum ke so ana iya ba shi maki, a auna, a tara, amsa ta fito. Ni kuwa ƙanwarsa ko zani biyu aka ajiye mini sai in wuni ina jujjuyawa, don haka na sha tsiya a wurinsa.

A ƙarshen shekarun 1970 aikin kuza ya ja baya, aka sallami Baba daga aikin haƙar kuza a Bukuru. Dole ya zaɓi inda zai ƙarasa rayuwarsa: ya zauna a Bukuru, ya koma Gangare a cikin Jos wurin ƙaninsa, ko ya tafi ƙauyenmu na asali a ƙasar Kano. Yaya ya ja layuka a takarda: ruwa, asibiti, masallaci, dangi, sanyi, kowanne da nauyinsa. Sai ya riƙa tambayar Baba garuruwan bibbiyu.

Baba ya ce Gangare ta fi Bukuru, ƙauye ya fi Gangare, amma Bukuru ta fi ƙauye.

"Baba, a lissafi hakan ba ya yiwuwa."

"To ga shi ya yiwu a cikina, Malam."

Wata uku ana wannan zagaye. Yaya ya ƙara layuka, ya rage, har ya rame. Na ce masa zuciyar mutum birninsa, ya ce ai birni ma ana auna shi.

Yanzu jikokina sun ce da irin lissafin nan waya ke gane abin da mutum ke so kafin ya faɗa. Ban sani ba ko Yaya zai yi murna ko zai ji haushi. Tawa dai kullum takalma masu tsini take nuna mini, ni da ƙafata ke kumbura.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke Yaya kafin a kai ga amsa, aka binne shi a Bukuru. Bayan sadakar bakwai ƙanin Baba ya sake tayar da zancen Gangare. Baba ya ce, "Ina zan je in bar Sabo?" A Bukuru ya zauna har ya cika. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Na gaji halin Yaya na tambayar mutum abin da ya fi masa nauyi kafin in ba shi shawara. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ya yi wata uku yana laluben abin da ya fi nauyi a zuciyar Baba, ya cika takarda da layuka, bai taɓa rubuta sunan kansa ba.