Gaisuwar da Ta Kusa Sa Ni Maimaita Aji

Shekarun baya, bayan na aurar da 'yata ta fari, na rataya jaka na shiga makarantar manya ta yamma a nan Fagge. Karatu bai ba ni wuya ba. Abin da ya tsaya min a maƙoshi shi ne insha'i.

Malaminmu yaro ne, sa'an ɗana, ga ladabi kamar ya kwanta. Ya ce kowane insha'i yana da gabatarwa, sai gundarin magana a raba shi sakin layi-sakin layi, kowanne da zancensa guda, sannan kammalawa. Na ce to. Ya ce mu rubuta a kan kwatar unguwa da ke toshewa da damina.

Mu a gidanmu ba a faɗa wa mutum da magana kamar an jefo ka daga sama. Sai na fara da sallama, na tambayi gajiyar aiki. Na saki layi, tunda ya ce a riƙa saki, na gaida mahaifiyarsa. Na saki wani, na yi masa barka, don na ji matarsa ta sauka. Na yi wa jaririya addu'a. Takarda ta kusa ƙarewa sannan na rubuta: "Batun kwata kuwa, ta toshe."

Ya dawo min da ita jajawur da biro. Na gaba ma haka. Rannan ya russuna ya ce, "Hajiya, in kika yi haka a jarrabawa, maimaita aji za ki yi."

Wannan ta taɓa ni, don ƙawata za ta wuce ta bar ni. 'Yar Ibo ce mai sayar da kwanuka a Sabon Gari, benci ɗaya muke zama, tare muke tashi. Ita ba ruwanta, layin farko ta dira a kan magana.

Ta ce, "Hajiya, takarda ba ta da uwa. Wa kike gaisarwa?"

Na ce, "Madam, mai karantawa yana da ita."

Ana saura kaɗan jarrabawa, muka shigo muka tarar ya kwafe insha'in kwatar nan a allo, wai za a feɗe shi a ga tsarinsa. Bai sa suna ba. Amma ajin kaf suka juyo suna kallona.

Ya ce, "Wa zai nuna mana inda maganar kwata ta fara?"

Wani dattijo direba ya ce, "Malam, tana can ƙasa, ita ma ta maƙale."

Wata daga baya ta ce, "Ka amsa gaisuwar tukuna mana!"

Aji ya kece da dariya. Na miƙe, na ɗaure mayafi a ƙugu.

"Malam, yau ka ci mutuncina, kuma zan gaya maka ta ina. Da farko, wai ba ka sa suna ba. Ajin nan wa zai yi maka barka a insha'i in ba ni ba? Sannan na gaida mahaifiyarka, ka ja mata jan biro. Mahaifiyarka fa! Ita kuma kwatar da kuke wa dariya, bara har ɗakina ta shigo, ta jiƙa min katifa, na yi ta kwana a tabarma. Saboda haka ko ka goge allon nan, ko in goge shi da mayafina."

Ina yi yana rubutu a gefen allo. Na zaci ƙarata yake haɗawa zai kai wa shugaban makaranta, na ƙara ɗaga murya don kada ya tsallake komai. Da na yi shiru ya matsa gefe. Ga abin da na gani: gabatarwa, cin mutunci. Sakin layi, suna. Sakin layi, jan biro. Sakin layi, katifa. Kammalawa, a goge allo.

Ya ce, "Hajiya, wannan shi ne insha'i. Kuma ko sannu ba ki ce min ba."

Na ce, "Ai faɗa nake."

Ya ce, "To don Allah ki riƙa yi wa takarda faɗa."

Ya ba ni haƙuri, ya goge nawa, ya bar nasa.

Ranar jarrabawa hannuna ya soma rubuta sallama da kansa. Ƙawata ta zungure ni kafin a raba mu, ta ce, "Hajiya, tuna katifa." Raina ya ɓaci nan take. Na soke sallamar, na rubuta shafi biyu ban gaida kowa ba. Tare muka wuce.

Har yau ban yarda gaisuwa ɓata lokaci ba ce. Abin da na gane shi ne, tsarin da na sha wuyar nema a littafi, da shi nake masifa tun ina budurwa, ban dai san yana da suna ba.

Kun ga na shigo muku kai tsaye, na faɗi magana, na kammala. Malam ya samu nasa. To yanzu, ina wuninku? Ya yara? A gaida min iyayenku.