Gwangwanin Hotuna

Shekara goma sha tara na yi ina tsaron ɗakin fayil a wata kwaleji a ƙasar Ƙanƙara. Abokan aiki sun sa mini suna Sarkin Gara, wai ni da gara kaɗai muke karanta abin da ke ciki. Ban taɓa musu ba.

Ina da wata al'ada. Duk ɗalibin da ya kawo hoton fasfo, sai na rubuta lambarsa a baya da biro kafin in maƙala shi da fil. Amma damina ba ta barin fil. Tsatsa ta ci, hoto ya faɗo, wani ya faɗa bayan kantar fayil, wani gara ta riga ni. Waɗanda na tsinta sai in zuba a gwangwanin madara, kullum ina cewa gobe zan mayar da kowa gidansa.

Wata ranar kasuwa wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofata. Daga wani ƙauyen Faskari ta hau babur. 'Yan bindiga sun ƙone garinsu, sun tafi da ɗanta, wanda ya yi karatu a wurinmu. Shekara biyu ke nan babu labari.

"Malam, wuta ba ta bar mani komi nashi ba," in ji ta. "An ce kuna da hotonshi. Kamanninshi sun fara ɓace mani."

Na zaro fayil ɗin. Inda hoton yake, sai tabon tsatsa biyu. Na juye gwangwanin a kan tebur, ta shiga ɗauka ɗaya-ɗaya tana kai wa dab da ido, don ganinta ya yi rauni. Can ta tsaya a kan wani mai doguwar fuska. Ta miƙo mini shi.

"Shi ne ko, Malam?"

Na karɓa na juya bayan. Lambar ba tasa ba ce. Na bi sauran duka da ido da hannu, wai ina tattarawa. Babu shi.

"Shi ne, Inna," na ce.

Ta ƙulle hoton a bakin zani, ta yi ta sa mini albarka har na rasa inda zan sa fuskata.

Da ta fita na nemo fayil ɗin mai lambar. Ɗan garin Sabuwa ne, shi ma tun wani hutu bai dawo ba, kuma babu wanda ya aiko da dalili.

Na yi ritaya bara, amma abin bai bar ni ba, kuma tsoro nake ji. Ban gaya wa wanda ya gaje ni ba. Na dai roƙe shi, in wata tsohuwa ta zo daga Sabuwa neman hoton ɗanta, ya aiko a kira ni. Har yau ban san abin da zan ce mata ba.