Inna Ba Ta Raka Ni Ba

Ni 'yar zangon Kumasi ce, a ƙasar Gana. Kakanninmu fataken ƙasar Kano ne, goro ya kai su can suka zauna. Shi ya sa da wata ƙungiya ta nemi malaman sa-kai da za su yi shekara guda a ƙauyukan Najeriya, ban yi shawara da kowa ba na miƙa sunana. Aka tura ni Unguwar Gai, a ƙasar Kibiya. Da safe in koya wa yara Turanci da lissafi, bayan la'asar kuma matan aure su taru a tsakar gidan mai unguwa mu yi karatu.

Ɗakin da aka ba ni yana jikin gidan wata dattijuwa Bafulatana, kowa Inna yake ce mata. Sun daɗe da barin yawon kiwo sun kama noma, amma shanu na nan bayan gida, kuma ranar kasuwar Rano ba ta fashin kai nono. Tun ranar farko ta sa ni gaba. Ta ce Hausata kamar nonon da aka cika wa ruwa take. Ni kuwa Allah bai yi ni mai haɗiye magana ba, na ce ai mai sayar da nono ce ta san yadda ake cika masa ruwa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan muka ƙulle. Da sassafe za ta ƙwala mini kira ta katanga, sunana tiryan-tiryan, wai in fito in ga yadda masu zuciya ke tatsa.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kayar da ni. Inna ce ta hau bayan mashin ta riƙe ni har asibitin Rano, da muka dawo kuma ta ƙi a mayar da ni ɗakina. A gadonta na yi jinya, ita tana kwana a tabarma. Ta yi ta goga mini jiƙaƙƙen tsumma, tana ba ni kunun tsamiya da ludayi. A nan na gaya mata uwata ta rasu ina ƙarama, ban ma riƙe kamanninta ba. Ta gyara mini mayafi kawai.

Na warke, Inna ta canja. Kiran sassafe ya ɗauke. In na shiga gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri. Furar da take kawo mini ba ta fasa zuwa ba, amma sai ta hannun autarta, wadda ke cikin matan da nake koyarwa. Da kunnena na ji tana cewa, "Kai wa waccan." Waccan! Ni da sunana ke cika unguwa. Na yi ta laluben laifina ban gano ba. Na tsokane ta, ta yi kamar ba ta ji ba. Sai zuciya ta ɗebe ni, na ce to ai ni ma ba roƙon magana na zo yi Najeriya ba. A fili na ja jikina, a ɗaki kuwa abin yana cina.

Haka har shekara ta cika. Yara suka yi mini waƙar bankwana, mata suka tara mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Na gode, na yi hawaye, amma hankalina yana gida ɗaya. Ba na son in ƙetare iyakar ƙasa Inna na riƙe da ni a zuci.

Ana gobe tafiya na same ta tana kaɗa nono. Na durƙusa.

"Inna, gobe zan tafi. In na yi miki laifi, ki yafe mini."

"Ba abin da aka yi," ta ce, idonta a kan ƙwarya. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Ko kallona ba za ki yi ba?"

Ta rufe nonon da faifai, ta tashi ta nufi wajen maruƙa.

Da hantsi unguwa ta fito rakiya zuwa bakin titi, inda motar Rano ke jira. Har makauniyar tsohuwar da ke ƙarshen layi an riƙo mata sanda ta zo. Inna ba ta fito ba. Autarta ta matso da wata ƙwarya naɗe a zane, ta ce in ji Inna. Na ture hannunta.

"Mayar mata. Wadda ba ta iya faɗin sunana, me zan yi da ƙwaryarta?"

Ta tsaya tana kallona kamar na yi saɓo.

"Wai ke duk watannin nan ba ki gane ba? A can wurinku uwa tana kiran sunan 'yar fari ne?"

A zangonmu ana labarin wannan kunyar, amma ni ban taɓa ganin mai yin ta ba. Na ce ai ni ba 'yarta ba ce.

"Tana da 'yar fari," in ji autar. "Zazzaɓi ne ya ɗauke ta ana saura kaɗan bikinta, a kan gadon nan da kika kwanta. Da tana raye da sa'arki ce. Tun da kika tashi daga gadon nan Inna ta hana mu kiran sunanki a gabanta. Wannan ƙwaryar ita aka sassaƙa wa. Ni da aurena na roƙa, ta hana ni."

Na ajiye jaka na juya zan koma da gudu, in faɗa jikinta, in ce Inna na gane. Autar ta damƙe mini hannu.

"Don Allah, Yaya, kada ki je."

Ba ta taɓa ce mini Yaya ba, kullum Malama.

"In kika je za ta yi kuka a gaban mutane. Ranar da aka fita da gawar ma ba a ga hawayenta ba. Kada ki kunyata ta."

Na tsaya a wurin, direba yana ta danna hon. A rayuwata ban taɓa son wani abu kamar yadda na so komawar nan ba. Na karɓi ƙwaryar na shiga mota.

Titin yana bi ta bayan gidansu. An daɗe da kora shanu kiwo, turaku ne kawai a wurin, amma ga Inna tsaye a tsakiyarsu, ta ba titi baya, tana kwance wata igiya tana sake ɗaurewa. Ni mai bakin nan na toshe bakina da gyale har muka wuce. Sai da muka kusa Rano kukan ya ƙwace mini, wata mata a gefena tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Yanzu ina Kumasi. Ranar Juma'a nakan kira wayar autar. Inna ba ta taɓa karɓa ba. Sai dai kullum ina jin motsinta kusa, tana tura itace a murhu, kuma kafin mu yi sallama muryarta takan taso daga gefe, ba da ni take ba:

"Tambayi waccan, ta ci abinci kuwa?"