Rawar Jan Ƙafa

A gidanmu na Toranke, idan kaka ta yi aka cire gyaɗa, bayan magariba mukan kewaye murhun Iya, mahaifiyar babanmu, muna ɓara tana ba mu labari.

Wata rana na tambaye ta me ya sa 'yanmatan garinmu suke jan ƙafar hagu a wajen gaɗa, alhali na garin Gafasa tsalle suke yi.

Ta ce, "Matso, takwara. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani."

A ƙuruciyarsu akwai Tabawa, ita ke ba da waƙa, kuma ba wadda ta kai ta tsalle. Maciji ya sare ta a ƙafar hagu a gonar dawa. Ta rayu, amma ƙafar ta shanye. Ta daina fita dandali, ga shi waƙoƙin a bakinta kaɗai suke. Wata biyu ba a ji tafi a garin ba. Sai ƙawayenta suka je har ɗaki suka fito da ita. Ta shiga fili tana jan ƙafa, kai a sunkuye, tana jiran dariya. Wadda ke bayanta sai ta ja tata ƙafar. Ta uku ma haka, har layin ya ƙare.

Iya ta ce, "Tsofaffi suka ce mun ɓata rawar iyaye. Muka ce to su zo su ba mu waƙar."

Sai ta dafa bango ta miƙe, matar da ko tsakar gida ba ta ƙetarawa sai da sanda. Ta ɗaga waƙar, ta ja ƙafa, ta juya, kafaɗunta na rawa kamar na budurwa. Duk muka saki gyaɗar. Har yau ban ga abin da ya kama ni kamar wannan ba.

Yanzu koyarwa nake a Gaya. Bara, da muke shirin bikin al'adu, ɗalibaina suka ce a ɗora rawar jan ƙafa da na koya musu a kan kiɗan waya, mai sauri. Na ƙi. Ɗaya ta ce, "Malama, wa ya ce lallai haka take tun farko?"

Sai na tuna da labarin Iya. Abin da nake karewa da sunan asali, wasu 'yanmata ne suka ƙirƙira don kada ƙawarsu ta ji kunya. Na zaunar da su na ba su labarin Tabawa, na ce su yi yadda suka ga dama.

Sun sa kiɗansu, sun sauya tafin. Ƙafar dai ba wadda ta yarda ta ɗaga.