Zangon Kawu a Khartoum

Duk wanda ya taɓa raka Kawu Alhaji Sule filin jirgin Kano ya san ba ya taka matakala sai ya ƙare wa tayoyin jirgi kallo. Ya daɗe yana lodin mota a tashar Ringim kafin ya koma saro darduma da turare daga Jidda, to a wurinsa jirgi mota ce da aka yi wa fukafukai. Ni nake yanka masa tikiti, ni nake bin sa da jaka, ni kuma nake shan kunya.

Ran nan ya tare ma'aikaciyar jirgi a bakin ƙofa.

"'Yar nan, wa ke jan motar yau?"

"Baba, ƙwararre ne."

"Ba shi na tambaya ba. Yana da furfura?"

Matuƙin ya leƙo, sai ga sanƙo ƙwal! Kawu ya ce, "Wannan ya ma wuce furfura. Habu, mu shiga."

Bai taɓa riƙe sunan kamfani ba. Akwai "masu shayi tsararo", akwai "masu ɓatar da jaka", akwai waɗanda ya ƙaurace wa don sun hana shi shimfiɗa darduma a hanyar wucewa. Jirgin da ke tafiya kai tsaye kuwa ko a kyauta ba ya so. "Saurin me yake yi? Ko motar Dutse tana tsayawa a Wudil a sha ruwa!"

Nasa shi ne mai koriyar jela, mai ya da zango a Khartoum, kusan wuni guda. Can yayarsa Inna Hajara take. Ta tafi Makka a ƙafa da mijinta tun Kawu bai yi wayo ba, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna. Kawu yakan aika mata da ranar zuwansa, ta zo filin jirgi da abinci, shi kuma ya kai mata daddawa da kuka.

To a nan laifina yake, kuma ba ni da uzuri. Zafin garin ne ya ishe ni, da zaman gadin kaya a kan benci. Wata shekara na yanko tikitin jirgin kai tsaye, na ce masa wancan ya lalace, ya daina zuwa. Ya dube ni, ya karɓi tikitin.

Sai da muka lula sama ya taɓo ni.

"Habu, mai koriyar jelar nan da na gani ana yi wa lodi, fatalwarsa ce?"

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Tikiti an riga an yanka, ba na asara biyu. Amma ungo."

Ya ɗora mini ƙunshin daddawa a cinya, ya kwance bakinsa. Haka na rungume shi har Jidda, maƙwabta na toshe hanci suna hararata, shi kuwa yana jan carbi kamar bai san ni ba.

Daga baya muka ji Inna ta zauna a filin jirgi tun hantsi har la'asar, da kwanon abincinta. Wannan ya fi daddawar ci mini rai.

A tafiya ta gaba ya jawo ni gabanta.

"Yaya, ga jirgin da ya lalace."

Na durƙusa, na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Tsohuwa ta daɗe tana kallona, sannan ta juya wurin ƙanenta.

"Sule, ka bar ɗana a durƙushe? Ya ci abinci kuwa?"

Ta tura mini kwanon, ta hana Kawu sa hannu sai da na ƙoshi. Yana ta mita, wai ɓarawo ya samu tukwici.

Sun yafe mini su biyun, amma wunin da na ɗauke musu ban iya mayarwa ba, kuma ba su samu da yawa bayansa ba. Allah Ya jiƙan Kawu da Inna, Ya haskaka kabarinsu, Ya sada su a Aljanna. Ni kuma Ya yafe mini. Amin.