Hoton da Na Tura wa Mai Shayi

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Littafin rubutun ma tun kafin azumi na saye shi, ya zauna ƙarƙashin katifa har kyankyaso ya fara cin gefensa. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron masu ilimi su tsaya gyara mini baƙaƙe su manta da abin da nake nema. Ga shi kuma magana ce ta cikin gidan mutane, ni kuwa da sallama na shiga gidan aka shimfiɗa mini tabarma. Don haka ba zan ambaci sunan kowa ba, har sunan ƙauyen. Wanda ya gane kansa ya yafe mini.

Ni mace ce, a Batsari nake zaune, sana'ata tallar kayan jarirai gida-gida: hoda, sabulu, man shafawa, 'yan huluna. Ƙanena ne ya bar mini tsohuwar wayarsa mai ɗaukar hoto da kyau lokacin da ya sayi sabuwa, daga nan wata sana'ar ta same ni ban neme ta ba. Mazan yankinmu da yawa suna kudu wajen nema, sai a yi musu haihuwa ba su nan. Mai hoto namiji iyakarsa zaure, ni kuwa har ƙuryar ɗakin mai jego nake shiga. Sai aka fara ce mini, "Ɗauki jaririn nan ki tura wa ubansa." Kafin in farga ana kirana Wagini, ana kirana Ruma, har daga Tsaskiya ta ƙasar Safana an taɓa aiko mini da mai babur.

Zan faɗi wata gaskiya, Allah Ya yafe mini: jaririn kwana bakwai ba ya kama da kowa. Kama yake da tsohon da aka tasa daga barci aka ce masa akuyarsa ta shiga gonar maigari. Amma shiga ɗakin barka ka ji ƙarya tana tashi kamar hayaƙin turare. Dangin uba su ce hancinsu ne, dangin uwa su ce nasu ne, alhali hancin bai gama zama ba balle a san inda ya dosa. Sannan kaka ta zo da kwalli ta zana masa gira, ɗaya ta hau sama ɗaya ta gangara, yaro ya koma kamar alƙalin da bai gamsu da shaida ba.

Ba na kunna fitilar waya a fuskar jariri. Tsofaffi sun ce tana kashe ido. Ban san ko gaskiya ne ba, kuma ba a kan ɗan mutane zan gwada ba. Hasken Allah nake jira. Da hantsi, rana ta ɗaga amma ba ta yi zafi ba, sai in sa a zauna da yaron a bakin ƙofa daga ciki, a ɗage labule rabi, haske ya shigo ta gefe ya kwanta a kumatu ɗaya. Ɗaya ɓangaren kuma in sa wata ta riƙe murfin tukunyar silba daga ƙasa, ya maido da hasken. A wani gida sai da na rantse cewa murfin nan ba surkulle ba ne. In goge idon wayar da bakin hijabi, in tsuguna, in matsa har numfashinsa yana taɓa mini yatsu. Fuska kawai nake ɗauka, daga goshi zuwa haɓa, don uban da ke nesa ba zanen gado yake son gani ba. Kuma ba na latsawa sai na ce tubarkalla da ƙarfi kowa ya ji, kada yaro ya kwana da zazzaɓi a ce bakina ne. Duk da haka washegari sai na aika an tambayo mini lafiyarsa.

Wata rana wani mai shayi ya kira ni daga Fatakwal. Mutumin wani ƙauye ne bayan Wagini. Matarsa ta yi haihuwar fari, namiji, har an yi suna bai samu zuwa ba.

"Hajiya, taimako za ki yi mini," in ji shi.

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna. Ka ce Yaya."

"To, Yaya. An ce an yi baƙo a gidanmu. In kin bi ta can, ki ɗan... kin dai gane."

Na gane. Ɗan fari ne, bakinsa ba zai iya cewa "ɗana" ba.

A al'ada gidan iyayenta ya kamata yarinyar ta je ta haihu ta yi wankan jego. To iyayen mutanen wajen Ruma ne, a lokacin ƙauyensu ya watse saboda mutanen daji, kowa ya kama gabansa. Sai ta haihu a gidan miji, a gaban uwar mijinta. Kunyar ɗan fari ta haɗu da kunyar suruka, abin ya yi wa yarinya yawa.

Na isa da hantsi. Tsohuwar gidan, wato uwar mai shayin, ta tsare ni da gaisuwa: gajiya, gida, hanya, mutanen Batsari ɗaya bayan ɗaya. Ina amsawa idona na kan rana, tana hawa. Da ƙyar muka shiga ɗaki. Na tarar da amaryar zaune a tabarma da jariri a cinya, an yi masa aski, an zuba masa kwalli, tana yi masa wasa da yatsa tana murmushi.

Nan ne ya kamata hankalina ya tashi. Ni da na girma a ƙasar nan, yaushe na taɓa ganin mace tana yi wa ɗanta na fari wasa a gaban uwar miji? Ko kallonsa ba ta yi sai ta saci ido. Amma rana nake tunani.

Na ce, "Amarya, shi ne wannan?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na juya wajen tsohuwa. "Inna, shi ne?"

Ta ce, "Ke dai yi aikinki, rana na tahiya."

Na ba tsohuwa murfin tukunya ta riƙe, na ce tubarkalla, na latsa. Wallahi ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau irin wannan ba. Jaririn ya buɗe ido tar, haske ya zauna a cikinsu, kumatu kamar an hura. Ina fitowa inda layi yake kamawa na tura.

Amsa ta zo da murya: "An gode, Yaya. Ba laifi." Jim kaɗan wata ta biyo: "Yaya, mutanen nan sun dame ni, wai goshin nawa ne sak. Ni dai ban ga komai ba. Gobe zan kai a wanke mini shi."

Bayan mako uku na koma ƙauyen da kayan talla. Ina shiga tsakar gidan sai ga fuskar nan da na sani, a cinyar wata mata babba, da jan zare a kunnuwa biyu.

Na ce, "Innalillahi! Wa ya huda wa namiji kunne?"

Matar ta dube ni sama da ƙasa. "Wane namiji? Wagga ɗiyata ce."

Ashe matar wan mai shayin ce, ta riga amarya haihuwa da kwana uku, haihuwarta ta biyar. Ranar da na zo ta zagaya bayan ɗaki wankan jego, ta bar wa amarya riƙon 'yarta. 'Yar wani kuwa ba kunya, sai ka yi mata wasa yadda kake so. Shi ainihin yaron yana kan gado a bayanmu, an lulluɓe shi yana barci. Na gan shi ma, na ɗauka tarin wanki ne.

Da na yi bayani, matan gidan suka kwashe da dariya, wata har ta yar da taɓarya ta riƙe ciki. Ni kuwa na zauna a kan turmi.

Na ce, "Inna, ai na tambaye ki!"

Tsohuwa ko gezau. "Na gani sarai, na yi shiru. Ɗan fari, a ɗauki huskarshi a kai ma mutanen Fatakwal su yi ta kallo ba mai cewa tubarkalla? Gara wagga. Ta biyar ce, bakin duniya ya gaji da ɗakinsu."

Uwar yarinyar ta ce, "Au, Inna! Wato tawa ce ta banza?"

"Ban ce ba. Ga ta nan ƙatuwa, mi ya same ta?"

"To a gaya mishi, tunda ya ce goshinshi ne, ya fara tara mata kayan ɗaki."

Aka sake fashewa. Na ce, "Inna, wannan fa haƙƙi ne. Mutum yana can yana kallon 'yar wani."

"Ɗiyar wanshi ce, jini guda. In ya dawo ya ga nashi. Bar shi."

Amarya tana bakin murhu duk wannan lokaci, ba ta ɗago ba. Sai da na fito na kai bayan rumbu na ji taku a bayana. Ita ce, riƙe da yaron a cikin zane, tana kallon wani wuri daban kamar itacen wani aka ba ta ajiya.

"Yaya."

"Na'am."

"Ya ce miki ya ji daɗin wancan?"

Na ce, "Ya ce zai kai a wanke masa."

Sai ta buɗe zanen. "Ki ɗauki wanga. Ki tura."

La'asar ta yi, hasken ya yi laushi. Ba murfin tukunya, sai na sa ta baza farin mayafinta a gefe. Yaron siriri ne, kunnuwa kamar faifai, ya haɗe rai kamar ya san an ci amanarsa. Goshin kuwa ko kusa. Na ɗauka. Na ce mata yau ɗin nan zan tura.

Ban tura ba. Wannan shi ne laifina, ba na tsohuwa ba ne. Na yi tunani, in na tura hoton haka kawai ba bayani, zai ga kumatu sun zube kunnuwa sun fito, ya ɗauka ciwo yaron ya yi. In kuma na ce masa wancan ba naka ba ne, kalma ce mai nauyi. Namiji yana nesa, ga abokai masu baki, in aka juya ta wa zai kwashe? Yarinyar da ko ɗago kai ba ta yi. Sai in naɗi murya, in saurara, in goge. Wata ta yi tsawo, wata na yi dariya a ciki ban sani ba, wata zakara ya yi cara a tsakiya. Har matar liman na aika ta tambayo mini hukunci. Amsa ta dawo kashi biyu: na farko, me ya kai ni harkar hoto tun asali, na biyu, kuskure ba zunubi ba ne, amma zama a kansa zunubi ne.

Kusan mako biyu ina wannan. Safiyar da na ce yau ko me zai faru sai na tura, na ɗauki waya na ga ba layi. Na kashe na kunna, na hura, na goge. Ashe ba tawa kaɗai ba ce. An rufe layukan yankinmu gaba ɗaya saboda mutanen daji.

Na hau dutse tare da masu hawa, kowa ya ɗaga waya sama kamar ana roƙon ruwa. Ba komai. Daga ƙarshe na shiga mota zuwa Katsina. Muna isa tasha layi ya dawo, na tsaya a gefe na faɗi maganar da numfashi ɗaya, har da sunan uwar yarinyar da wankan jego da komai, na haɗa da hoton na tura. 'Yar alama ɗaya ta fito, wato saƙo ya tashi amma bai isa wayarsa ba. Na zauna kusa da wata mai awara ina jira ta zama biyu, har aka kira la'asar. Na kira lambar, a kashe.

Sai bayan an buɗe layi wani mutumin ƙauyensu ya dawo daga Fatakwal na ji abin da ya faru. An tashe su daga bakin titin da suke sana'a, a cikin turmutsitsin wayar mai shayin ta ɓace. Ya ɗauki teburinsa ya ƙara gaba, wasu sun ce Aba, wasu sun ce Warri. Sau ɗaya ya aiko wani direban babbar mota da sabulu da 'yar rigar yaro, ya ce yana lafiya, bai sayi waya ba tukuna. Mutumin ya ce mini hoton farkon nan kuwa an wanke, mai shayin ya manna shi a cikin murfin akwatin da yake ajiye suga, inda ba mai gani sai shi. Wai har masu shan shayi sun fara ƙorafin zaƙi ya yi yawa, don motsi kaɗan sai ya buɗe akwati.

Yanzu yaron yana dafa bango yana tafiya, haƙoransa huɗu, ya gwada su a yatsana. Duk sanda uwarsa ta kawo shi Batsari allurar riga-kafi sai ta biyo ta gidana, ta zaunar da shi a bakin ƙofa inda haske yake, ta juya tana kallon kajina. In ɗauki sabo. Ba ta taɓa cewa in nuna mata ba. Sai za ta fita, ta goya shi, ta ce, "Ya tafi?" Hoton take nufi. In ce, "Tukuna."

Shi ya sa na rubuta. Ku da kuke zuwa kudu, direbobi da 'yan cirani da masu fataucin dabbobi, don Allah ku duba mini. An ce mini dogo ne, baƙi, yana da wushirya, da hagu yake zuba shayi, Hausarsa ta mutanen bayan Wagini ce. In kun dace da shi, kada ku faɗa masa komai a gaban mutane, kada kuma ku ce masa "ba naka ba ne". Wannan bayanin ni zan yi shi da bakina. Garin da yake kawai nake so, da lambar wani na kusa da shi mai waya. Ku bar saƙo wajen masu cajin waya na kasuwar Batsari, ku ce a ba matar nan mai hoton jarirai, kullum sai na leƙa na tambaya.